Dutsen da Ba a Gaisuwa da Baki

A shekarun da na yi ina karanta labarai a rediyo, na sha fassara rahotanni kan wasu wurare a ƙasashen waje inda mutane ke barin birni su hau tsaunuka don neman lafiya. A karɓe musu waya, a hana su surutu, a riƙa ba su abinci marar maiƙo. Abokan aikina dariya suke yi in irin wannan rahoto ya zo. Ni ba na yi, domin na taɓa zama a irin wannan wuri, a kan wani dutse kusa da Zakka a ƙasar Safana, kuma a can na ceto muryar da nake karanta rahoton da ita.

Muryata ta fara dishewa ne a ƙarshen wata damina. Da farko sai na kai tsakiyar labaran yamma take shaƙewa. Daga baya ta kai ko gaisuwar buɗe shiri ba na gamawa sai na yi gyaran murya. Likitan maƙogwaro ya leƙa, ya ce akwai kumburi daidai inda sauti ke fitowa. Magani ɗaya ya ba ni: in yi shiru na wasu makonni, shiru na gaske, har da raɗa, don a cewarsa raɗa ta fi magana wahalar da wurin. In ban yi ba sai tiyata, kuma bai yi mini alkawarin cewa muryar da za ta dawo bayan tiyatar ita ce wadda masu sauraro suka sani ba. Ba ni da wata sana'a sai wannan. Na karɓi hutu na tafi gida Batsari, a tunanina can ne natsuwa take.

Na manta da dubiya. Tun ban kwance jaka ba labari ya zaga cewa mai rediyo ya dawo ba lafiya. Baffana, yayan mahaifina, shi ne babban gidan tun rasuwar mahaifin namu, kuma shi ya riƙe ni. Malami ne, yana karantar da magidanta littattafan fiƙihu a zaure. Duk wanda ya shigo, Baffa zai gaya masa, “Likita ya hana shi magana.” Mutumin zai ce, “Allah sarki! Sannu. To ya jikin?” Sai ya tsaya yana jiran amsa.

Sa'o'ina ina iya ɗaga musu hannu. Amma tsohon da ya taso tun daga Darini ko Yasore a kan babur don ya duba ni, ya durƙusa da ƙyar, ya fara daga kwana, ya bi gajiya, ya bi iyali, ya bi aiki, ba a kallon wannan a yi masa shiru. Ina amsawa a hankali, shi kuma ba ya ji sosai, sai ya ce, “Na'am?” in sake. Wata gwaggo ma cewa ta yi, “Ɗan faɗa mini yadda kake faɗa a akwatin nan, sau ɗaya kawai.” Kafin mako ya zagayo muryar ta fi yadda na zo da ita lalacewa.

Ana cikin haka kawuna ya zo, ƙanen mahaifiyata. Dangin uwata mutanen gindin dutse ne. Kakanninsu Maguzawa ne, amma shi Kawu a cikin Musulunci aka haife shi. Manomi ne, yana kuma kiwon zuma. Ya zauna a zaure yana kallon yadda ake shiga ana fita. Da aka ɗan sarara sai ya juya wajen Baffa.

“Malam, da sannu za ku kashe wa ɗan nan murya. A ba ni shi in kai shi kan dutse.”

“Wane dutse? Na kakanninku?”

“Shi fa.”

“Inda ba a sallama?”

“Ana yi mana. Da hannu.”

Baffa ya ajiye carbi. “Ka ji irin abin da nake faɗa. An daɗe da tuba, amma har yau tsoron dutse kuke ji.”

“Haba Malam, ni da nake bin ka salla duk zuwan da na yi? Kakanninmu sun ce masu dutsen ba sa son hayaniya. Ni ban taɓa ganin su ba. Abin da na sani, ƙudan zumana ba sa so. Kai ma in ka hau ka ɗaga murya, za su biya maka karatu.”

Baffa bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Ni ban ce a je ba.” Bai kuma ce kada a je ba. A gidanmu an san nauyin wannan magana. Na auna ta, na auna maganar likita, da safe na durƙusa gaban Baffa na daɗe, sannan na bi Kawu.

Dutsen ba wani dogo ba ne can, amma yana da faɗi, kuma daji ya rufe bayansa. Hanyar hawa tana bi ta tsakanin wasu manyan duwatsu biyu da suka jingina da juna, mutanen wurin suna ce musu ƙofa. A ƙasan ƙofa ana magana yadda ake so. Da an wuce ta baki ya rufu. Babu mai tsaro, babu mai tunatarwa. Na ga mata biyu sun hawo ɗiban itace suna musu mai zafi kan wata akuya, suna kaiwa ƙofa suka yanke a tsakiyar zance, kuma da suka sauko da yamma suka ɗora daga inda suka tsaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaisuwar ba ta ragu ba, baki kawai aka cire mata. Ƙarami zai tsuguna ya dafa ƙirji. Babba zai ɗaga hannu ya jinjina, in yana son tambayar gida ya nuna ƙasa da haɓa, a gyaɗa masa kai. Tsara da tsara su riƙe hannun juna su daɗe. Ba wanda ya raina wani, ba kuma wanda ya furta kalma. A karo na farko tun da na fara ciwo, shiruna bai zama rashin kunya ba.

Kawu yana da bukka a kan wani falalen dutse, inda yake ajiye amya, wato gidan ƙudan zuma, da kayan cirar zuma. Nan aka shimfiɗa mini tabarma. Akwai rami a jikin falalen da ruwan damina ke taruwa, da shi nake alwala. Abinci daga gidan Kawu ake hawo da shi: tuwon dawa da miyar kuka ba yaji, fura da nonon Fulanin da suka yi ruga a gindin dutsen, sai ruwan ɗumi da zuma safe da yamma. Wayata a ƙasa na bar ta, don ko na hau da ita babu sabis.

Kwanakin farko sun yi mini tsawo. Bakina ya saba da aiki, har nakan kama kaina ina shirya jimloli a zuci kamar za a kunna mini jar fitilar fara shiri a gidan rediyo. Daga baya wannan ya lafa. Na koma hawa ƙololuwa da sanyin safiya, in zauna ina kallon gonaki. An yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, shanu suna fita a jere. Remaye kan fito daga kogo su baje a rana, har suka daina gudu na. Birai kan sauko satar dawa, mai gonar ya kore su da jifa ba tare da ihu ba in sun haye sama da ƙofa, abin da har yau in na tuna nake murmushi. Barci ya dawo mini. Zafin da nake ji in na haɗiyi yawu ya tafi. Na san ina samun sauƙi, sai dai ban gwada muryar ba, don wa'adin likita bai cika ba.

Wata rana bayan azahar na hango mutum biyu suna hawowa. Kawu a gaba, a bayansa farin rawani da sanda. Baffa ne. Mutumin da ko masallacin Juma'a sai an kai shi a mota saboda gwiwa.

Na san abin da ke gabana. Baffa bai taɓa shiga wuri ba tare da ya yi sallama da ƙarfi ba, kuma daga bakinsa na koyi cewa amsa sallama wajibi ne. In ya yi, zan amsa, kuma ba zan tsaya nan ba, sai na kai gaisuwar ƙarshenta da muryar da zai ji, domin shi ma kunnensa ya yi nauyi. Na yanke wannan tun yana nesa. Na sauko na tarye shi a saman ƙofa na tsuguna.

Ya ratso tsakanin duwatsun yana haki. Ya tsaya a kaina ya dube ni, ya dubi bukkar, ya dubi amyoyin da ke rataye a tsamiya. Na ga ya ja numfashi irin na mai shirin magana. Sai ya rufe baki, ya mayar da sanda hannun hagu, ya ɗaga na dama ya jinjina mini. Ya nuna maƙogwaronsa da yatsa. Na gyaɗa kai. Ya dafa kaina.

Mun zauna a inuwa, mu uku, har la'asar ta yi. Shi ya ja mu salla a kan falalen, kabbararsa ƙasa-ƙasa, iya yadda na bayansa zai ji. Kawu ya kawo masa saƙar zuma a ƙwarya, ya sha, ya lashe yatsa. Sannan ya miƙe, na raka su zuwa ƙofa na tsaya a samanta.

Ƙafarsa na taka ƙasan ƙofa ya juya wajen Kawu da cikakkiyar muryarsa ta karatu.

“Kada ka je kana gaya wa mutane na bi al'adar dutsenku. Fara sallama sunna ce, amsawa wajibi. Ba zan ɗora wa marar lafiya wajibi ba alhali ina iya ɗauke masa. Shi ke nan.”

“Ai mu ma abin da muke faɗa ke nan, Malam. Larabcin ne ba mu da shi.”

“Ba abin da kuke faɗa ke nan ba.”

“To. A sako maka zumar ko a bari?”

“A sako. Ita ba ruwanta.”

Ina jin su suna wannan har suka ɓace cikin dawa. Ban yi dariya da sauti ba, amma da ƙyar.

Da wa'adi ya cika na koma wurin likita. Ya leƙa, ya ce kumburin ya sauka, babu batun tiyata, in fara magana kaɗan-kaɗan. Da hannu na yi masa godiya, don na riga na san inda zan fara. Na hau mota zuwa Batsari. Na tarar da Baffa a zaure, magidanta sun kewaye shi da littattafai. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Muryar ta fito tas, irin wadda na sani.

Ya amsa. Na durƙusa na fara daga wuni, na bi gajiya, na bi gwiwa, na bi ɗalibai, na bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe ya ce, “Madalla. Ya isa haka, ka rage wa masu sauraro.”

Yanzu ba a kwana a kan dutsen, tun da dajin bayansa ya daina zama lafiya. Kawu ya sauko da amyoyinsa kusa da gari. Amma ya gaya mini masu hawa ɗiban itace da rana har yau suna yin shiru a ƙofa. Ni kuma na koma bakin aiki a makon da ya biyo bayan gaisuwar da na yi wa Baffa, na karanta labaran yamma daga farko har ƙarshe ba tare da gyaran murya ba. An ce Baffa ya dakatar da karatu ya sa aka ƙara sautin rediyon.