Muzurun da Babana Ke Kira da Suna

Ina da shekara arba'in da biyu, da mata, da aikin ofis a birnin Lyon na Faransa, na yi kishi da muzuru. Kishi na gaske nake nufi, irin mai hana mutum jin ɗanɗanon miya, kuma a cikin falona.

Muzurun na matata ne. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta shi yana ɗan mitsitsi, ta kawo shi gidanmu na unguwar Guillotière cikin kwalin takalmi. Ni ban so ba. A Maraɗi inda na tashi, kyanwa ma'aikaciya ce, ta kama ɓera, ta lashe ƙwaryar fura, ta kwanta inda ta ga dama. Wannan kuwa yana da likitansa, da katin rigakafinsa, da kwandon barci mai laushi wanda bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Wurin kwanansa ɗaya ne, kan wata koriyar jakar takardu da ke bisa teburina. Matata ta ce tunda ya fi ni zama a kan maganar sojan ruwa, ya kamata a ba shi muƙami. Ta sa masa Amiral, wato babban hafsan jiragen yaƙi, sunan kuma ya bi shi.

Takardun da ke cikin jakar na kakana ne. Ya bar gida lokacin yaƙin duniya na biyu, kakata tana ɗauke da cikin babana. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, sai ga shi a bakin teku, aka sa shi cikin jirgin yaƙin Faransa, can ƙasa wajen inji, yana zuba gawayi a wuta. Aka harbi jirgin ya nutse. Waɗanda suka tsira sun ce mutanen ɗakin inji ba su bar wajen aikinsu ba har sai da aka sauke kwale-kwalen ceto, kuma babu wanda ya fito a cikinsu. Shekara shida na yi ina bin ofisoshi kafin in ga sunansa a rubuce.

Sunan nan shi ne nawa, domin sunansa aka mayar mini. A wajenmu kuwa mutum ba ya kama sunan mahaifinsa, ko da a jikin ɗan da ya haifa yake. Saboda haka tun da na buɗe ido babana bai taɓa kirana da suna ba. Ƙannena yakan ƙwala musu kira tun daga ƙofar gida, har maƙwabta su ji. Ni kuwa “kai” ne, in abin ya yi nisa “kai ɗin nan”. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, Baba Ƙarami take ce mini. Matata ƴar Tawa ce, ita ma kunya ta hana ta, Malam take cewa. Sai ya zama masu kiran sunana kullum Turawan ofis ne, su kuma sai sun murɗe masa wuya kafin ya fito. Kowa ya ce mini girmamawa ce, na kuma yarda girmamawa ce. Amma yaro ba ya jin girmamawa, kira yake ji.

Shekarar da yanar ido ta rufe wa babana gani, na kawo shi Lyon a yi masa aiki. Ranar da ya iso, da aka ce masa muzuru na da likita, sai ya yi salati ya ce lalle Turawa sun ƙoshi. Ya hana shi kusantar buzun sallarsa. Kwana uku aka yi ana gaba.

Ranar da aka cire masa bandeji muka dawo gida, ya zauna a kujera yana ƙifta ido. Na tsaya a gabansa ina jiran abin da zai ce. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai, ashe ka yi hurhura.” Sai muzurun ya zo ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa, wutsiya a sama. Babana ya sunkuya, fuskarsa ta washe.

“Amiral! Ashe haka kake da kyawo? Zo nan, Amiral.”

Daga nan na shiga uku. Da safe Amiral, da hantsi Amiral. In ya idar da salla sai ya ɗaga gefen buzun ya ce, “Amiral, bismilla.” Yana ba shi labarin farashin gero da na mutanen da suka mutu a unguwa, muzurun na lumshe ido kamar ya san su. Har salo yake yi wa sunan, wani lokaci ya ja shi, wani lokaci ya datse shi in muzurun ya hau tebur. Ni kuma in yana son ruwan alwala sai in ji, “Kai.” Rannan na zauna ina ƙirga kiran, na kai goma sha tara kafin azahar, na ji kunyar kaina na bari.

Matata ta gano ni. Ta same ni a kicin ina harar kwanon abincin muzuru, ta kama baki.

“Mais Malam, kishi kake da mussa?”

“Wane ni? Ai hafsa ne.”

“Wallahi c'est grave, abin ya yi tsanani. In sayo maka ƴar ƙararrawa in ɗaura maka a wuya? Wataƙila Baba ya kula ka.”

Na yi dariya don kada ta ga ta taɓa wurin da ke ciwo, amma ta riga ta gani.

A cikin binciken da na yi ne na gano akwai wata ƙungiya ta ƴaƴa da jikokin mutanen jirgin. Kowace shekara sukan taru a Paris, a bakin kogin Seine, su tuna da matattunsu. Al'adarsu ita ce kowane gida mutum ɗaya zai fito ya kira sunan nasa da ƙarfi, a buga ƙararrawar jirgi sau ɗaya, ya jefa fure a ruwa. Shekarar nan ce ta farko da suka sa kakana a jerin, taron kuma ya faɗo babana yana nan. Suka aiko da takarda, a ƙasanta akwai layi: wa zai kira sunan?

Na daɗe riƙe da biro. Daga falo ina jin “Amiral, sauka daga nan, ɗan nema.” Sai na rubuta cewa ɗansa ne zai kira. Na san abin da nake yi sarai. Ba don kakana na yi ba, don kunnena na yi.

Matata ta karanta ta bisa kafaɗata. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

“Ka hwaɗa mishi?”

“Zan faɗa.”

“Malam, tsoho na. Kada ka tsaida shi gaban mutane.”

Ban faɗa masa ba. Na ce masa dai za a girmama mahaifinsa, za a kuma ba mu dama mu yi addu'a. A tasha, da za mu hau jirgin ƙasa, sai da ya yi wa matata wasiyya a kan muzuru, kada a bar shi da ƙishirwa, kada a rufe masa ƙofar baranda. Ni na ɗauki jaka na yi gaba.

Muka sauka wajen wani ɗan uwanmu a Aubervilliers, gefen Paris, da safe muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Babana ya sa babbar rigarsa fara, ya ɗora kwat a kai saboda sanyin bakin ruwa. Taron ba shi da yawa. Tsofaffi ne galibi, wasu da lambobin yabon iyayensu a ƙirji, wasu da karnuka sanye da riguna. An kafa ƙararrawar a kan wani katako, wata tsohuwa mai farin gashi, shugabar ƙungiyar, tana riƙe da igiyarta. A gefe an jera hotuna. Akwai hafsoshi da huluna, akwai samari masu murmushi. A tsakiya kuma, a firam ɗin da ya fi kowanne girma, har da ƙyallen ado a kusurwa, baƙar kyanwa ce.

Tsohuwar ta yi bayani. Kyanwar jirgin ce, a ɗakin gawayi take zama, an tsamo ta a kan wani katako tana tsawa kamar ita ce kyaftin. Da sunanta suke buɗe taro kowace shekara, don a yi dariya kafin a yi kuka. Ta kira sunan kyanwar, ta buga ƙararrawa, jama'a suka yi dariya, wani kare ya amsa da haushi.

Raina ya ɓaci. Na baro wani a Lyon, ga wata ta tare ni a Paris. Babana ya taɓa ni ya ce, “Mi anka ce?”

“Mussa ce, Baba. Ita ke da hoto, har da suna. Mahaifinka ko hoto ba shi da.”

Ya matsa kusa da firam ɗin, ya kafe shi da sabon idonsa.

“Wajen gawayi taka zama?”

“Haka suka ce.”

“To ai abokiyar aikinshi ta. Wa kake tsammani shina ba ta abinci, masu huluna?” Sannan ya ce, “Wagga ta ga huskarshi. Ni ban gani ba.”

Maganar ta sanyaya mini jiki, na so in ja tsohuwar gefe in ce a canza, ni zan kira. Amma an riga an fara. Mutum ya fito, ya kira suna, ƙararrawa ta yi ƙara, fure ya faɗa ruwa. Wata mata ta kira na mahaifinta. Bayan kowane suna akwai ɗan shiru, wanda ba mai cika shi. Babana yana kallo, na ga lokacin da ya gane tsarin, domin hannunsa ya tsaya cak a kan carbi.

Tsohuwar ta duba takardarta ta ce yau akwai baƙo daga Nijar, ɗan ɗaya daga cikin mutanen inji. Ta miƙa masa fure. Na raka shi gaba a matsayin tafinta.

“So suke ka hwaɗi sunanshi, Baba,” na ce, ina kallon takalmina.

“Wa ya ce musu ni?”

Na ƙara sunkuyar da kai, bai sake tambaya ba. Ya juya wajen ruwa ya ce, “Babana.” Tsohuwar ta dube ni da murmushi, hannunta a igiya, tana jiran sunan. Jama'a suna jira. Tsoho mai shekara tamanin da wani abu yana tsaye da fure a hannu kamar yaron da aka tsayar gaban allo, kuma ni na tsayar da shi, saboda muzuru. Kunya ta rufe ni. Na buɗe baki zan faɗi sunan in fitar da shi, sai na ji ya damƙe wuyan hannuna.

Ya gyara murya. Ya kira sunan, cikakke, da muryar nan da yake ƙwala wa ƙannena kira daga ƙofar gida, yadda ake faɗinsa a Maraɗi, ba a murɗe ba.

Na ce, “Na'am.”

Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Ƙararrawa ta yi ƙara a kan maganata. Turawan ba su san abin da na ce ba, wasu suka gyaɗa kai, suna tsammanin wani ɓangare ne na addu'armu. Babana bai saki hannuna ba. Ya jefa furen, ya ɗaga hannu ɗaya ya karanta Fatiha, ɗayan yana riƙe da ni.

A jirgin komawa Lyon bai taɓo maganar ba har muka yi nisa. Ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri. Shi yana kallon gonaki ta taga, yana cewa mutanen nan ba su san fari ba. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

“Na san kai ka rubuta.”

“Ka yi haƙuri, Baba.”

“Kana tsammani kunya ɗai ta?” Ya goge gilashinsa da bakin riga. “Ina yaro nakan tahi bayan gari in kira shi. In kira, in kira. Sai na bari, don kira ba amsa shina da ciwo. Da anka haife ka na ce ga sunan ya dawo gida, sai kuma na ji tsoronshi a bakina.” Ya mayar da gilashin. “Yau na kira an amsa.”

Na juya fuskata wajen hanyar wucewa, wata mata da kare a cinya tana kallona, ban damu ba.

Da muka buɗe ƙofar gida muzurun na zaune kan koriyar jakar. Babana ko takalmi bai cire ba ya fara, “Amiral! Mun dawo, Amiral. An ba ka ruwa?” Na tsaya da kaya a hannu ina sauraron kishin nan ya taso kamar kullum. Kishin ya ɗan motsa, ba zan yi ƙarya ba.

Bai sake kiran sunan ba har ya koma Maraɗi, ban kuma sake nema ba. Yanzu in ya bugo waya, bayan gaisuwa Amiral yake fara tambaya, sai in kara wayar a kunnen muzuru su gama hirarsu. Sannan in ji ya ce, “Kai, kana nan?”

In ce, “Na'am, Baba.”