Shekara Huɗu Ban Taka Maruwa Ba

Kakata, uwar mahaifina, ba ta yarda da duk abin da yake magana alhali ba shi da fuska ba. Rediyon babanmu ma gaisuwar nesa suke yi. Idan aka kunna ta a tsakar gida sai ta juya kujerarta, ta ce ita ba ta sauraron wanda ba za ta iya kallon ƙwayar idonsa ba.

Iya muke kiranta. Jikar fataken Kano ce da suka zo Garwa, a ƙasar Kamaru, suka ga wuri suka zauna. Ta ga zamanin da jiragen ruwa suke hawowa kogin Binuwai da damina, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki auduga da gyaɗa. Ta kuma ga lokacin da manyan motoci suka ƙwace musu aikin, har bakin tashar ya koma wurin wanki. Takan ce kowane sabon abu da ya zo yana kawo kaya a hannu ɗaya, ya tafi da wani abu a ɗaya hannun, kuma ba ya sallama in zai tafi da shi.

A gidanmu na unguwar Yelwa, da an ci tuwo an yi isha'i, sai mu kewaye murhu kafin garwashin ya mutu. Iya takan binne dankali cikin toka, ta miƙe ƙafafunta da suke mata ciwo, ta dube ni ta ce, "Maigida, matso kusa. Wai kai miji ne ko baƙo? Ko goron dala ba ka taɓa saya mini ba." Yaran gida su yi ta mini dariya, ni kuwa in cika in yi fam. In ta gama tsokanata sai ta ce, "To, ga wata nan ta taho da ƙafarta." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Guda ɗaya ce ta ƙi tafiya.

Wai an yi wani bafatake ana ce masa Mai-Jakai. Yakan ɗauki kanwa da hatsi ya kai wani gari bayan duwatsu, tafiyar kwana tara, ya dawo da jar fata. A can yana da mai masauki, wani dattijo da ya gaji amana tun daga iyayensu. In ya isa, dattijon zai ba shi ɗaki, su ci a akushi ɗaya, sai bayan kwana biyu ake zancen ciniki.

Wata rana a mashigin ruwa Mai-Jakai ya taimaki wata tsohuwa ya haye da ita. Ashe ba mutum ba ce. Ta ciro duma ta raba biyu ta ba shi, ta ce, "Duk abin da ka faɗa cikin ƙwarya ɗaya, za a ji shi cikin ɗayar, ko da tana bangon duniya." Mai-Jakai ya kai ɗaya gidan mai masaukinsa, ya dawo da ɗaya. Daga ranar ya daina tafiya. Yana kishingiɗe a zaurensa zai ji farashin fata, ya faɗi abin da yake so, ya haɗa jakansa da ayarin wasu. Dukiya ta yi ta hauhawa, rumbunansa suka cika har yana rasa inda zai zuba gero.

Kullum da safe zai ɗauki ƙwarya ya ce, "Baba, ina kwana? Ina gida?" Dattijo ya ce, "Lafiya lau." Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Fatun da ake kawo masa suka fara raguwa, muryar ta fara yin ƙasa. Ya tambaya, aka ce masa lafiya lau. Ran nan ya yi sallama cikin ƙwarya, shiru. Ya sake, shiru. Sai a lokacin ya ɗaura wa jaki akumari ya kama hanya.

A nan Iya takan dakata ta tono dankali, ta bar mu muna haɗiyar yawu. Sannan ta ce Mai-Jakai ya tarar fari ya cinye garin shekara biyu a jere. Dattijon ya sayar da awakinsa, ya rabar da sauran hatsinsa ga maƙwabta, yunwa ta kwantar da shi. An binne shi kwana uku kafin Mai-Jakai ya iso. Ƙwaryar tana nan rataye a zaure, an goge ta tas.

Na tuna na fusata a daren da na fara jin ta. Na ce, "Iya, ai laifin tsohon ne! Me ya hana shi ya faɗa?"

Ta ce, "Ya faɗa wa wa? Ƙwarya? Maigida, mutum mai mutunci ko yana mutuwa ka tambaye shi, lafiya zai ce maka. Bakinsa ba zai gaya maka ba. Sai ka je da ƙafarka ka ga ko hayaƙi yana tashi a madafarsa, ka ga wuyan rigarsa ko ya yi masa yawa." Ta ɓare dankalin ta raba mana, ta ce tatsuniya ta tashi ta kaɗe zanenta, kowa ya je ya kwanta.

Gaskiya ni a lokacin ƙwaryar kawai nake so. Na kwana ina tunanin inda zan sami irinta.

Sana'ar gidanmu kayan fatar Maruwa ce: takalman samara, jakunkuna, matasai. Mahaifina, Alhaji, yana da shago a babbar kasuwar Garwa, kuma duk kayansa daga hannun mutum ɗaya suke fitowa, wani baduku da ake kira Baba Ummaru. Uban Baba Ummaru ya yi wa kakana ɗinki, shi kuma ya yi wa mahaifina. Duk wata mahaifina zai hau mota zuwa Maruwa, ya kwana biyu a gidansa, ya dawo da buhuna. Ina saurayi ya sha tafiya da ni. Na san zauren nan, da ƙanshin jemammiyar fata, da yadda tsohon yake riƙe basilla a baki yana zance.

Iya ta rasu kafin wayar hannu ta cika gari. Mahaifina ya bi ta bayan wasu shekaru, shago ya dawo hannuna. Ni kuwa na sami ƙwaryata.

Ba zan yi wa waya butulci ba. Da ita na fitar da shagonmu daga layin kasuwa. Ina ɗaukar hoton takalmi in saka, kafin la'asar mata daga Yawunde da Duwala sun zaɓa, wani ɗan kasuwa a Kuseri yana saye yana hayewa da su Njamena. In tura wa Baba Ummaru hoton samfuri ta wayar 'yarsa A'i, wadda take zaune a gida tun rasuwar mijinta, in tura kuɗi ta waya, su ɗora kaya a motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, in karɓa a tasha. Tafiyar da take cinye wa mahaifina kwana uku ni ina gama ta ina shan shayi. Har ina jin kaina mai wayo, ina cewa tsofaffi sun sha wahalar banza.

Duk Juma'a nakan kira shi. "Baba, ina gajiya? Ina iyali?" Ya ce, "Jam, ɗana, lafiya lau. Ya kasuwa?" Haka muka yi shekara huɗu ban taka Maruwa ba.

Sai ɗinki ya fara karkacewa. Baba Ummaru da ake gane aikinsa daga nesa, sai ga takalmi ƙafar dama ta fi ta hagu, ga zaren ja inda na ce baƙi. Wata mata ta dawo mini da jaka, ta kuma saka hotonta kowa ya gani. Na kira na tambaya ko akwai matsala, ya ce babu, za a gyara. Kaya na gaba suka zo sun fi na baya muni. Raina ya ɓaci. Na danna waya na yi masa saƙon murya, na faɗi maganar da ba zan iya faɗa a gabansa ba. Na ce in ya gaji da aikin ya gaya mini, kada ya zubar mini da suna. Daga nan na koma wajen wasu samarin Maruwa masu keken ɗinkin fata, na daina aika masa aiki. Bai kira ba, ni ma na daina kiran Juma'a.

Wata bakwai bayan haka ɗaurin auren wani abokina ya kai ni Maruwa. Da aka watse sai kunya ta kama ni, na ce bari dai in leƙa. Na hau moto, wato babur ɗin haya, har ƙofar gidan.

Yana zaune a zaure a inda na san shi, sai dai ya rame. Na yi sallama, ya amsa yana kallon gefen ƙofa, ba inda nake tsaye ba. Na durƙusa na miƙa hannu, hannunsa ya wuce nawa yana lalube cikin iska. Nan na gane ba ya gani.

A'i ce ta gaya mini a soro, tana share hawaye da bakin mayafi. Idon ya fara dushewa kusan shekara uku da suka wuce. 'Ya'yansa maza biyu da ya koya wa aikin sun ajiye basilla sun koma haya da moto. Hotunan da nake turowa ba ya ganinsu, ita take kwatanta masa da baki, shi kuma ya ɗinka da lalube. Na ce, "Haba A'i, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ta ce, "Ya hana ni, Yaya. Ya ce ɗan Alhaji zai zo, in ya zo zai gani da kansa." Ta ce saƙon nan nawa sau uku ya sa ta kunna masa, yana so ya gane wane takalmi ne ya ɓata.

Washegari na kai shi asibitin ido. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta mutu. Ya tambaye ni, "Kai ɗansa ne? Ina kuke tun bara waccan? Da an kawo shi da wuri, da an tsare masa abin da ya rage."

A hanyar komawa gida Baba Ummaru ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka yafe mini takalman nan. Na so in rufa wa shagon Alhaji asiri ne." Na yi kuka a bakin titi, mutane suna kallona, ban damu ba.

Ina yaro na ɗauka Iya tsoron sababbin abubuwa take yi. Yanzu na san mutanenta ta sani. Mu mutane ne da ba ma faɗin ciwonmu, mun dogara da cewa wanda ya damu da mu zai zo ya gani. Tafiyar wata-wata da mahaifina yake yi, wadda na kira wahalar banza, a cikinta ake ganin wanda ya rame da wanda ya fara lalube. Da waya ta ɗauke mana tafiyar, ba wanda ya tuna ya tambayi wa zai ci gaba da dubawa. Har yau da ita nake ciniki, ba ita ta hana ni shiga mota ba. Garwa zuwa Maruwa wuni guda bai cika ba.

Samarin nan masu keke yanzu a zauren Baba Ummaru suke aiki, yana shafa ɗinkinsu da yatsa yana gaya musu inda suka kauce. Ni kuma duk farkon wata ina zuwa, in kwana biyu, mu ci abinci a kwano ɗaya. Yakan shafa fuskata ya ce ashe na tara gemu. Rabonsa da ganina tun ina saurayi, kuma ba zai ƙara ganina ba.