Kabewar Altine da Aka Ce An Yi Jirgi da Ita

A kasuwar Yelwa an daɗe ana cewa Altine ta taɓa shuka kabewa, ta yi girman da sai da aka kira masassaƙa suka rarake ta, aka yi jirgin fito da ita, yana kai mutane da awakinsu har Ngaski. To, ƙarya ce. Sallau ne ya ƙaga ta, taubashinta, mutumin da in ya ga ƙadangare sai ya ce kada ya gani. Gaskiyar magana, kabewar ba ta fi tulu ba. Babban tulu dai.

Amma yadda aka yi ta samu, ya fi ƙaryar daɗi.

A tsibiri aka haifi Altine. Da ruwan Kainji ya cinye garinsu aka kwaso su tudu, abin da ta tsira da shi na Innarta shi ne irin kabewa, ƙulle a tsumma da toka. Sabon gidan kuwa tsakuwa ce zalla. Ta shuka, ya fito ya ƙone. Wata damina ta sake, haka. Lokacin da aka ce mun zama 'yan Jihar Sakkwato, irin da ya rage bai cika tafin hannu ba. In ya ƙare, kabewar Inna ta bi tsibirin ke nan.

Sai ta zauna ta tuna abin da ƙasar can take ci: laka da mushen kifi, duk shekara in ruwa ya janye. Ta ɗauki daro ta nufi bakin ruwa. Ta yi ta jidar laka a kai, ta bi mata masu banda tana roƙon kayan cikin kifi. Ta haƙa ramuka bayan ɗaki ta binne, ta bari ya ruɓe. Wari ya tashi, kyanwoyin unguwa suka tare gidanta, maƙwabta suka daina sallama. Ba ta kula ba. Ta zuba irin duka, ba ta rage ko ƙwara ba.

Yaɗo ya rufe danga. Kowace 'ya ta fito, sai ta sa mata tsingaron tukunya a ƙasa kada damshi ya ruɓar da ita. Da kaka ta yi, duk wanda ya taso daga tsibirin sai da ta aika masa yanki, da iri a ƙulle. Wata tsohuwa ta ɗanɗana miyar kabewar, ta ajiye ludayi ta ce, "Ta tsibiri ce."

Sallau kuwa yana gidan Altine, tsugune gaban akushi na biyu, bakinsa duk taushe, ya ce, "Altine, yaushe jirginki za shi tashi? Ina son tahiya Ngaski."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wane jirgi, bayan ka cinye rabinshi? Rabin da ya saura ma, in ka shiga da wannan tumbin naka, a bakin gaɓa za shi nutse."