A Rumfar Hamma, Wanda Aka Ci Shi Ke Zama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kamar yadda na tarar iyayena suna yi, kuma ba zan fara a jarida ba. Ƙannensa Hamma suke ce masa, ni ma haka nake cewa. Yana da shekara ashirin da shida zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana tara Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan naku.

Ba kuka na zo yi ba, wannan na yi shi a ɗakina. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya shekara biyar, sai makon jiya na iya furta rabinta.

Hamma gyaran firji yake yi a Jimeta. Ranar Asabar bayan la'asar sai ya fito da talabijin rumfar ƙofar gidanmu a Limawa, ya jona na'urar gem, abokansa su taru su buga ƙwallo. Fad biyu ne kawai, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, saboda haka mutum biyu ke bugawa, sauran suna jira. A gidajen gem na gari, wanda ya ci shi ke zama, wanda aka ci ya tashi. Hamma ya juya wannan doka. A rumfarsa wanda ya ci ne zai ajiye fad ya koma layi, wanda aka ci ya zauna ya sake gwadawa da na gaba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Dada, wanda ya iya, me zai zauna ya koya?"

Sun sha gunaguni. Modu, ɗan Borno mai sayar da turare a kasuwa, shi ya fi su hannu, shi kuma ya fi su tsayuwa, don minti goma ya gama da mutum ya tashi. Bulus kuwa, malamin firamare ne, yatsunsa ba sa sauri. Akwai ranar da ya zauna tun la'asar har aka kira magariba, kowa ya zo ya ci shi ya wuce, suna ce masa ya kawo katifa. Ni ina ciki ina tsintar shinkafa, ban ga allon ba, amma na san halin kowa da kunne. Na san mai zaɓar babbar ƙungiya kullum. Na san mai mayar da ƙwallo wurin gola don ya cinye lokaci, da wanda in an ci shi sai ya ce fad ne ya lalace. Bayan an kashe talabijin sai su yi ta musu kan waɗannan abubuwa har shayi ya huce.

A waɗannan shekarun ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, na haura arba'in. Sau biyu ana jarrabawar wucewa aji na gaba ina faɗuwa. Na dawo gida na sa littafin ƙarƙashin katifa, na ce na gama, kaina ya tsufa. Hamma bai yi mini wa'azi ba. Ya zaro littafin ya ɗora mini a cinya, ya ce, "Dada, ke aka ci. A gidan nan wanda aka ci ba ya tashi." Na zauna. Wannan rubutu da kuke karantawa daga wannan zaman ya fito.

Shekara biyu bayan rasuwarsa abokansa suka zo neman izinin yin gasar gem da sunansa duk shekara. Na yi murna ƙwarai. Suka roƙi aron fad ɗinsa, wanda ya naɗe da baƙin salatif a gefen da ya tsage, don wanda ya ɗauki kofi ya riƙe shi a yi masa hoto. Na ba su. Na je har wurin, wani ɗakin taro a Damilu, na karanta sunan ɗana a jikin ƙyalle da idona, babu wanda ya karanta mini. Sai aka fara. Wanda aka ci ya tashi, ba zai ƙara taɓa fad ba sai baɗi. Ina zaune ina kallon mutane suna fita ɗaya bayan ɗaya, wasu ko ruwan da aka raba ba su tsaya sha ba. Dokar da ya ƙi ita aka shimfiɗa ƙarƙashin sunansa.

Ban ce komai ba. Ta yaya zan ce? Waɗannan su ne suka ɗauki gawarsa, kuma babu Sallar da ba sa zuwa gaishe ni, har Bulus da ba Sallarsa ba ce. Na ce a raina baɗi zan yi magana. Baɗi ta zo sau huɗu.

Sun kuma sa ni a gurup ɗinsu na waya, don girmamawa. Ina sauraron saƙonnin murya ina shara. Musun nan na da yana nan, sai dai yanzu kowa a ɗakinsa yake, yana bugawa a waya da wanda bai taɓa gani ba. Kullum ƙorafinsu ɗaya ne: in ka fara cin mutum sai ya kashe data ya gudu, ba ya tsayawa a ƙarasa. Suna zagin masu yin haka, ni kuwa ina tambayar kaina, wa ya taɓa nuna musu cewa wanda aka ci yana da wurin zama? Da Hamma na nan, na tabbata dariya zai fara yi, sannan ya ce duk su ajiye wayoyin su zo rumfa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sababbin shiga gurup ɗin da ba su san shi ba sun fara cewa Hamma ba a taɓa cinsa ba. Wallahi an ci shi, ba sau ɗaya ba. Matsakaicin ɗan wasa ne, yana yi wa talabijin faɗa kamar tana jinsa, kuma sai na kira shi sau biyu yake tashi salla. Waɗanda suka san gaskiya suna ji, ba sa gyarawa. Ana ƙera mini wani zakara da ban haifa ba.

Makon jiya Modu da Bulus suka zo aron fad kamar kowace shekara. Na kawo musu kunun gyaɗa, na bari suka sha, sannan na ce, "A rumfar nan wa ke zama?"

Modu ya yi dariya. "Dada, wancan wasan gida ne, wannan gasa ce. In wanda aka ci zai zauna, ai Bulus ne zai riƙa ɗaukar kofi duk shekara."

Bulus bai yi dariya ba, ya dai dubi inda kujerar wanda aka ci take a da.

Modu ya ce lokaci ba zai isa ba, mutane sun yi yawa, kuma matasa kofi ke kawo su. Ban ce ƙarya ya faɗa ba. Ni ban san yadda ake tsara gasa ba, iyakata aji uku na yaƙi da jahilci. Amma ban ba su fad ɗin ba. Na ce ni zan kawo shi da kaina. Sun fita har ƙofa Bulus ya dawo shi kaɗai, ya ce, "Dada, tsohuwar talabijin ɗin tana kamawa?" Na ce tana kamawa. Ya ce zai zo da keke mai ƙafa uku ya ɗauke ta da na'urar.

To ga ragowar maganar, tunda bakina ya kasa, biro ya faɗa. 'Ya'yana, ban hana ku kofinku ba. Amma ɗana bai bar gida ba, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari mai kama da shi doka ce guda ɗaya a ƙarƙashin rumfa, ita ce kuma kuka ajiye kuka ɗauki sunan. In ba za ku iya haɗa su ba, ku sauke ƙyallen, sunan ya dawo gida, ba zan riƙe ku a zuciya ba.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan zauna a bakin ƙofar ɗakin taron, talabijin a gefena, fad mai baƙin salatif a cinyata. Wanda ya ɗauki kofi bana zai yi hoto da kofinsa kawai. Mutum na farko da aka cire, in ya zo wucewa yana neman takalminsa, zan miƙa masa fad ɗin in ce, "Ɗana, kai aka ci? To zauna."