Minti Huɗu na Mai Agogo

A shekarar 1979 Akawu ya fara sanin Mai Agogo, ranar da agogonsa ya tsaya a bakin gidan waya. Shagon ɗan lungu ne tsakanin mai hoto da mai gyaran takalmi: teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da agogon bango goma sha ɗaya waɗanda ba su taɓa gardama da juna ba. Mai shagon siriri ne, ba ya son magana, kullum da gilashi maƙale a ido ɗaya. Bai san kalmar "anjima" ba. Cewa yake, "Dawo ƙarfe uku da minti goma."

Tun daga ranar suka ƙulla abota. Akawu ya yi ritaya, agogon hannu ya daina kasuwa, amma Mai Agogo bai fasa buɗe shago ƙarfe takwas ba, Akawu kuma bai fasa zuwa ya cika masa kunne da surutu ba.

Shekara uku da suka wuce, Auta, 'yar Akawu mai aikin jinya a ƙasar waje, ta auri wani ɗan Koriya. Akawu ya ce ba da shi ba, tunda ba a shawarce shi ba. Bai je ba, ya kuma daina ɗaga wayarta. Daga baya ya yi nadama, sai dai bakinsa bai iya ba da haƙuri ba. Kwatsam sai ga saƙo ta hannun uwarta: suna tafe ran Asabar, kwana biyu kacal. Akawu ya san in ta koma ba su shirya ba, da wuya ta sake zuwa.

Ran Litinin ya shigo shago rungume da kwali daga babban kanti.

"Abincin ƙasarsu ne, taliya a kofi, mai ɗanɗanon kayan teku. Da hannuna zan dafa wa surukin nan."

"Kai da ko shayi ba ka iya ba?"

"Karanta mini kawai."

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa ya duƙa kan murfin. "Rubutun kamar an zubar da ashana. Amma ga hoton buta, ga lamba huɗu. Minti huɗu ke nan."

A gwajin farko Akawu ya yage murfin gaba ɗaya, ya cika ruwa har baki, ya kuma bar ledar garin miya a ciki tana iyo.

"Wannan ai wanka ka yi mata," in ji Mai Agogo.

Shi ne ya gano wani siririn layi a cikin kofin. Daga nan aka kafa doka: a buɗe murfi rabi, a zazzage garin miya, a zuba tafasasshen ruwa daidai layi, a rufe, a danne da filaya. Mai Agogo na riƙe da agogon aljihu, Akawu na hawaye saboda yaji.

"Wannan jan abin, kaguwa ce ko roba?"

"Haɗiye dai, tsoho."

Ran Asabar uwar Auta ta cika tebur da girki, amma Akawu ya ce nasa ne farko. Aka gaisa sama-sama, uba da 'ya kowa na kallon gefe. Mai Agogo, wanda aka gayyato musamman, ya ce, "Yanzu!" Akawu ya ɗaga murfi ya ajiye kofin gaban baƙo, a kan faranti mafi kyau a gidan.

Auta ta fashe da dariya. "Baba! Wannan fa abincin ɗalibai ne, na ranar da ba lokacin girki."

Akawu ya ji kamar ya nutse cikin kujera. Surukin kuwa ya sunkuyar da kai, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya cinye, ya shanye romon tas, sa'an nan ya yi wa matarsa magana.

Auta ta fassara: "Wai bai taɓa ganin an yi wa taliyar nan hidima haka ba. Wa ya koya maka?"

"Koyo?" in ji uwarta. "Kwana biyar suna cin ta a shago. Ubanki har maganin ciki ya sha."

Dariyar Auta ta tsaya. "Kwana biyar, Baba? Kai da ba ka cin yaji?"

Akawu ya jawo kofi na biyu da ya haɗa, ya ture mata kujerar da ke kusa da tasa. "Zo nan, ki ɗanɗana taki kafin ta huce." Ta taso ta zauna.

Da la'asar suka raka Mai Agogo bakin ƙofa. Auta ta rage murya, amma Akawu ya ji.

"Kawu, na gode. Ba don kiran da kake yi mini duk Lahadi ba, da ban zo ba."

Mutumin da ko lambar wayarsa bai haddace ba! Sai Akawu ya tuna shekarar da matar Mai Agogo ta rasu, ya kulle kansa a ɗaki, shi kuma ya yi wata biyu yana zuwa kowace safiya yana buga ƙofa har sai ya fito sun tafi shago tare. Ba su taɓa yin zancen ba.

Akawu ya buɗe baki zai yi magana.

"Koma ciki," in ji Mai Agogo. "Kwana biyu kawai ta ba ka."