Manyan tayoyi da gaisuwar Inna

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, a Gumel, a shekarun farin nan da ya cinye shanun mutane.

Maigidana direba ne. Yana da wata ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu, da ita yake kai 'yan kasuwa Maigatari, wani lokaci ya ƙetara har Damagaram. Mahaifiyata kuwa, Inna, tana wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, inda hanya ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Manyan motoci ba sa zuwa can. Sai jaki, sai raƙumi, sai motar maigidana idan ta ga dama.

Da fari ya yi tsanani rairayin ya ƙara laushi, motar ta riƙa kafewa. Aka ba shi shawara ya sa mata manyan tayoyi masu faɗi, ya kuwa sa. Tsofaffin ya ba masu yankan takalma na bakin kasuwa, har ni ma aka yanko mini nawa. Mota ta yi tsayi, ta yi kyau, yara na binta da kallo. Amma ƙarfinta ya tafi. In an yi mata lodi ta doshi jigawa sai ta hau nishi, kuloci na ƙauri. Kamar an ba jaki ƙafafun raƙumi ne: taku ya yi faɗi, ƙirjin kuwa na jaki ne.

Ana cikin haka, ina da tsohon ciki, wata dattijuwa mai sayar da kanwa daga ƙauyenmu ta biyo ta gidanmu. Ta sha ruwa, ta ce, "Innarki na gaishe ki. Ta ce kada kowa ya tayar da hankalinsa."

Ni ce 'yar farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa aiko mini da gaisuwa ba, kunyar ɗan fari ba ta barinta. Nan na gane ba lafiya ba. Na ce, "Iya, tana tashi kuwa?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Ana tayar da ita."

Da maigida ya shigo cin abinci na ce, "Malam, Inna ta aiko da gaisuwa." Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce, "A haka motar nan ba za ta hau jigawar garinku ba. Jaki kuwa, da wannan cikin, ba zan ɗora ki ba. Bari a gyara ta, mu tafi tare."

Sai gyaran ya samu masu shi har biyu.

Na farko wan maigida ne, Yaya muke ce masa, bakanike a tashar Gumel. Shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya koya masa tuƙi. Na biyu kuwa mai masaukinsa ne na Damagaram, wanda ke ba shi ɗaki da tuwo duk lokacin da ya ƙetara. Ya yi aiki a kan manyan motocin hamada, ya zo mana baƙunta da wani ƙarfe naɗe cikin buhu, ya ce tsaraba ce. Motar na ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, ni kuma ina bayan katanga ina daka. Ban shiga makaranta ba, amma duk abin da suka faɗa ya shiga kunnena, har yau yana nan.

Yaya ya ce wa maigida, "Injin nan lafiyarsa ƙalau. Ka ƙara mata tsawon ƙafa ne, sai a sauya haƙoran da ke juya ƙafafun, na gaba da na baya, ta riƙa taku a hankali da ƙarfi. Gudu zai ragu. To ina za ka da gudu cikin rairayi?"

Baƙo ya yi dariya. "Ku mutanen Gumel da son tafiyar tsofaffi! Inji numfashi yake nema. Wannan da na kawo, daga jikin kamiyo, babbar motar hamada, na ciro shi. Iska yake dura wa inji, kamar zugazugin maƙeri. Ka ga wuta ta taɓa ƙin zuga?"

"Na ga tukunyar da wuta ta fasa," in ji Yaya. "Abin babbar mota za ka ɗaura wa 'yar wannan? Faransawan naku ma ai sai su yi maka dariya."

"Su ne suka koya mini."

"Shi ya sa."

Suka juya ga maigida. Ya dubi wanda ya raine shi ya ce, "To, Yaya." Ya dubi wanda ke ciyar da shi a baƙon gari ya ce, "Madalla, na gode." Bakinsa ba zai iya ce wa ɗayansu a'a ba. Kowa ya ɗauka shi aka zaɓa. Kafin la'asar Yaya ya kwance ƙafafun, mota na zaune kan itace, baƙo kuma ya buɗe bakin inji ya shige har kafaɗa.

Ni ce mai aika musu da fura. Kwarya ta fita cike, ta dawo da shatin baƙin mai a bakinta.

Haƙoran sai daga Kano. Aka aika, suka zo, ashe na baya ne kawai, na gaba ba su dace ba. Aka sake aikawa. Kasuwar Maigatari ta ci, ta sake ci. Na ce, "Malam, ba za a mayar mata da tsofaffin tayoyinta ba? Ko ta kafe ai a tura." Ƙafata kawai ya duba. Na duba ni ma. Ga su nan, ina taka su.

Da haƙoran suka cika aka tayar da ita da zugazugin baƙo a jikinta. Ta yi wani kuka mai fito da ban taɓa ji ba, yaran unguwa suka yi ta ihu. Aka fita gwaji bayan gari. Ba a daɗe ba na ji muryoyin maza suna "tura, tura." Inji ya yi zafi, ruwansa ya tafasa, wani abu ya ƙone a cikinsa. Yaya bai ce ai na faɗa ba. Baƙo bai ci tuwo ba ranar. Maigida ya yi ta ba shi haƙuri, kamar shi ya yi masa laifi.

Ba ni da abin yi sai daka da alwala. In na ji sallama gabana ya faɗi. In ban ji ba, nan ma ya faɗi.

Aka cire abin baƙo, Yaya ya sake ɗinke injin. Wata safiya aka shimfiɗa mini bargo a gaba muka kama hanya. Motar ta hau kowace jigawa a hankali, ba nishi, ba ƙauri, ko sau ɗaya ba ta kafe ba. Maigida har ya fara cewa, "Kin ji ta kuwa?" sai muka hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu da maza zaune a kai.

Tun shekaranjiya aka kai Inna makwancinta. Wanda aka aiko ya sanar da mu ya bi ta hanyar jakuna, muka saɓa. Ƙanwata ta miƙo mini wata ƙwarya ɗaure da tsumma: yaji ne, da kanwa, da daddawa, kayan kunun jego. Ta ce Inna ta haɗa su tun tana iya zama, ta ce a ajiye wa "waccan ta Gumel."

Da su aka dama mini kunu bayan na sauka. Mace na haifa, ta ci sunan Inna, shi ya sa ni ma ban taɓa kiranta da sunanta ba. Tana Gagarawa yanzu da jikokinta. Baƙo ya koma Damagaram da ƙarfensa cikin buhu, ya ci gaba da saukar da maigida har tsufa ya zaunar da su. Yaya ya rasu yana bakanike a tasha. Maigida ya bi bayansa, bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma haka. Motar ta yi shekaru tana kai mutane ƙauyenmu kafin a sayar da ita. Takalman kuwa sun ƙi tsinkewa, har na gaji na ba da su.