Wutar da Takarda Ta Ce Babu

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Zongon Kumasi, ba zan manta ranar da na miƙe a gaban sarkin unguwarmu na kunyata mutumin da nake mafarkin aure ba.

Lokacin ina taya mahaifiyata, Mma, sayar da waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin layinmu. Da kiran sallar asuba take hura wuta da guntayen katakon da ake kawo mata daga Anloga. Ba ita kaɗai ba, ga mai koko, ga mai ƙosai, ga mai suyar kifi, kowacce da murhunta. Kafin ƙarfe goma an sayar, an kashe wuta, an share wurin fes, an shige da tukwane gida. Ni kuwa hannu ɗaya ludayi, ɗayan littafin soyayya. Mma ta sha rantsuwa wata rana da littattafan nan za ta hura wuta.

Sai ga mutumin nan ya ɓullo, da farar riga da jaka da murmushi, kamar daga shafin farko ya fito. Ma'aikacin wani kamfani ne da zai gina gidan sayar da gas a filin da ke bayan murhun Mma. Kullum da safe sai ya zauna a bencinmu ya ci, ya ce a ƙara masa na ƙasan tukunya, yana kirana gimbiyar Zongo. Ya ce gas zai raba Mma da hayaƙin da ke cinye mata idanu. Wannan gaskiya ne, don ina ganin yadda take share hawaye da bakin zani. A raina har na zaɓi leshin biki.

Wata safiya ya ba ni takarda, ya ce in taya shi karɓar dangwalen matan layin, tunda sun fi yarda da ni. Ban tambayi komai ba. Babban yatsan Mma na fara kamawa na dangwala.

Da yamma na gama littafin da ke hannuna, ban samu wani ba, kuma ni ba na iya zama idona babu rubutu. Sai na jawo takardar na karanta Turancin da ke ciki. Cewa ta yi masu binciken kamfanin sun duba wurin, ba su ga wuta a fili kusa da shi ba, kuma duk wanda ya sa hannu ya shaida haka, ya yarda ba za a hura wuta a nan ba bayan an buɗe gidan gas. Nan na tuna ranar da suka zo da igiyar awo. Ƙarfe biyun rana ne, ba kowa sai awaki a kwance. Wato da hannuna na sa Mma ta kashe murhun da ya ciyar da mu tun rasuwar Baba.

Da na yi masa magana dariya ya yi, ya ce haka ake rubuta takardu, ba wanda zai taɓa Mma. Kwana uku ina lallashin zuciyata ta yarda. Yanzu idan na tuna, kunyar kwana ukun nan ta fi damuna.

An yi taron jin ra'ayin jama'a kan gidan gas ɗin bayan la'asar a ƙofar gidan sarki. Hukumar muhalli ta turo wata mata Ba'asantiya mai tabarau. Shi kuwa ya zuba bayani da Hausa da Twi da Turanci, har maza suna gyaɗa kai. Mu mata muna can baya. Da matar ta tambaya ko akwai mai magana, Mma ta riƙe mini gyale, amma na riga na miƙe. Na gaida sarki, sannan na juya wajensa.

"Yallaɓai, takardarku ta ce babu wuta a wurin. To waakyen da kake ci kullum, har da na ƙasan tukunya, rana ce take dafa shi?"

Sai tsohuwa mai koko ta ce daga baya, "Nawa ma kofi biyu yake sha, kuma da zafinsa."

Aka tuntsire da dariya, har sarki ya rufe baki da hannun riga. Shi dai ƙasa yake kallo. Matar ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni yaushe ake hura wutar, na ce ta zo bayan sallar asuba, kuma ta zo da yunwarta.

Ta zo kuwa. Ta tarar da layin jawur da wuta daga farko har ƙarshe, mai yana tafasa, tartsatsi yana tashi, 'yan makaranta da direbobin motocin haya na trotro sun yi layi da kwanoni. Ta taka da ƙafarta daga murhun Mma zuwa turakun da kamfani ya kafa, ta tsaya ta daɗe tana rubutu. Sannan ta zauna a bencin nan nasa ta ci.

Ba a ba su izinin filin ba. Can bayan gari suka gina, inda ba gida kusa. Shi kuma bai sake zuwa ba. Sau ɗaya na hango shi a kasuwar Kejetia, ya kau da kai. Ba zan ɓoye ba, na yi kuka, don a littattafaina ba haka labari yake ƙarewa ba. Amma Mma ba ta sake cewa za ta ƙona su ba, sai ma ta riƙa turo mini duk matar da aka kawo wa takarda.

Yau da gas Mma take girki, a wurin nan dai, idanunta sun huta. Ni nake zuwa bayan gari in ciko mata. Abin da na koya shi ne, duk wanda ya zo auna unguwa a lokacin da mutanenta ba sa nan, zai rubuta cewa ba kowa. Kuma tun daga ranar, komai kyawun murmushin mai takarda, sai na karanta ta har ƙasa kafin in kama yatsan wani.